Ciyawar Gidan Nasiru

Tun da na dawo daga Landan ban sha shayi cikin natsuwa a teburin Ɗanladi ba. Da na zauna sai a matso. Wannan ya ce, "Malam Haladu, wai da gaske ba a ɗauke wuta?" Wancan ya ce, "Ka ga Sarkinsu?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai in lura na tsallake wurin da ya fi tsaya mini a rai. Da na gaya wa malamarmu ta ajin manya, sai ta ce in rubuta, wai baki yana tsallake abu ba a sani ba, amma alƙalami in ya tsallake sai an ga gurbin. To ga shi na zauna ina yi, a hankali, yadda nake yin komai.

Ga wanda bai san ni ba, aikina gadina ne. Ina kula da ciyawa da furanni a gidan wani Alhaji a Nasarawa, nan Kano, tun gashin kaina yana baƙi. Ni kuwa a Kurna nake zaune, inda famfo ado ne, ruwa sai an tare ɗan ga-ruwa. Da safe in bar matata tana ririta jarka guda, in je in kunna injin burtsatse in sakar wa ciyawar wani ruwa har ya kwanta. Ban taɓa ƙorafi ba. Hanyar abinci ce.

Nasiru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da mahaifinmu ya ga ba zai iya ɗaukar karatun mutum biyu ba, ni na tsaya tare da shi a lambu muna ban ruwa, Nasiru ya tafi boko. Yau ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Landan. Ina alfahari da shi, Allah ya sani. Amma in na ce ba abin da ke motsi a ƙarƙashin alfaharin, na yi ƙarya.

Da ya sayi gida ya turo mini hoto. Ban kalli ginin sosai ba. Idona ya faɗa ne a bayan gidan: ciyawa kore shar, a shimfiɗe kamar darduma. Karo na farko ke nan a zuriyarmu da aka samu ciyawar da ba ta ubangida ba. Na nuna hoton a majalisa, na nuna a ƙofar masallaci, har Alhaji na nuna wa. Na ƙudurta a raina duk ranar da Allah ya kai ni, zan cire takalmi in taka ta, in na ga dama in kwanta a kai, ba mai ce mini tashi. Wasu na zuwa Landan ganin babban agogo. Ni ciyawa na je gani.

Tafiyar ta fara ne daga Abuja, wurin neman biza. A can na fara shan kunya. Aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi, injin ya ƙi ganin su. Yarinyar da ke aikin ta goge gilashin, na sake ɗorawa, shiru. Ta duba hannuna ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Na ce ƙasa nake tonawa. Ta ba ni man shafawa na murza, sannan injin ya yarda ni mutum ne. Da aka zo sa hannu kuwa na rama: na karɓi biro na rubuta sunana da kaina, ban yi dangwale ba.

Daga Kano jirgi ya ɗauke mu, muka sauya wani a Addis Ababa. Allah ya haɗa ni zama da wata mutuniyar Jos, Madam Ladi, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Landan. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta gaya mini kada in tsorata in na danna maɓallin banɗaki na ji ya yi gurnani. Duk da haka na tsorata. Can ta shaƙi iska ta dube ni.

"Baba, kilishi ne a jakar nan?"

Na ce tsarabar ƙanena ce.

Ta ce, "Wallahi kilishin nan ba zai ga Landan ba. Ba sa barin nama ya shiga. Gara mu taimaka masa tun yanzu."

Na ɗauka wayo take mini. Na ba ta ɗan yanki, na ƙulle sauran. Da muka sauka, jami'in da ya tambaye ni ko ina ɗauke da abinci na nuna masa komai. Ya shinshina daddawa ya ja da baya, ya juya kuka da busasshiyar kuɓewa, ya mayar mini. Kilishin kuwa ya ɗauke shi da hannu biyu ya zura a wani kwando, sannan ya yi mini godiya. Ban taɓa ganin an karɓe wa mutum abu ana yi masa godiya ba. Madam Ladi ta wuce ni tana jan akwatinta, tana girgiza kai.

Nasiru yana jira a waje. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gemu. Ya durƙusa zai gaishe ni a tsakiyar mutane, na ɗago shi. Muka shiga jirgin ƙasa, muka yi tafiya mai nisa, sannan muka hau bas mai bene zuwa unguwarsu, Thamesmead. A hanya ina karanta allunan tasha a zuciyata, kafin in kai ƙarshen kalma jirgi ya wuce. Ba wanda ya gai da wani. Mutum na manne da kafaɗarka amma idonsa na kan waya.

Muna cikin bas Nasiru ya ce, "Yaya, ka zo mana a lokacin fari. Bana ruwa ya yi ƙaranci, har an hana ban ruwa da tiyo."

Daidai lokacin muka zo wucewa ta gefen wani tafki, cike taf, agwagi na yawo a kai. Ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba ko jarka ɗaya a bakinsa. Gaba kaɗan ga wasu dawakai a ɗaure suna kiwo a gefen titi. Na ce, "Wannan ne farin?" Ya ce e. Abin nan da na ce yana motsi a ƙarƙashin alfahari, a nan ya fara ɗaga kai.

Gidan ƙarami ne, ɗakunan kamar akurki, bene mai ƙara in ka taka. Amma kowane famfo ka murɗa sai ya amsa, wannan da zafi, wancan da sanyi. Rabi, matar Nasiru, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo. 'Yarsu Ilham ta gaishe ni da Hausa, "Sannu da zuwa, Baffa," daga nan duk abin da na tambaye ta sai ta amsa da Turanci. Na ci abinci sama-sama. Ina wanke hannu na ce, "Nasiru, buɗe mini ƙofar baya."

Ya buɗe. Na riga na cire takalmi.

Kwali na gani. Kwalaye a baje daga wannan katanga zuwa waccan, an danne su da bulo, an watsa ɓawon itace a kai. Ko tsinke ɗaya kore babu. Na tsaya ba takalmi a bakin ƙofa kamar wanda ya zo ta'aziyya ya tarar an tashi.

"Ina ciyawar?"

"Tana ƙasa, Yaya. Kashe ta muke yi."

Ya yi mini bayani yana murna. Wai kamfanin ruwa da council, wato ƙaramar hukumarsu, sun fito da wani shiri a yankinsu: duk wanda ya cire ciyawar ado ya shuka tsirran da ba sa shan ruwa, ya zuba tsakuwa, ya kafa duro a ƙarƙashin indararo don tara ruwan sama, za a mayar masa da wani abu daga cikin abin da ya kashe, a kuma rage masa kuɗin ruwa. Ya ce, "Na yi apply, sun amsa. Saura su zo inspection su ga ta mutu."

Na ce, "Tsaya. Biyan ka za a yi don ka daina ba ciyawa ruwa?"

"Kusan haka ne."

Ni an biya ni rabin rayuwata don in ba ta. Shi za a biya shi don ya bari. Ko a nan ma Nasiru ne ya samu ɓangaren da babu ciwon baya.

Ina nan tsaye sai wani katako a jikin katanga ya motsa, wani tsoho ya ratso ta tsakani da hular sanyi a kansa. Ya yi sallama bayan ya riga ya shigo. Nasiru ya washe baki.

"Yaya, ga Baba Fuseni, maƙwabcinmu. Mutumin Kumasi ne, direban bas ne da, ya yi ritaya. Shi ya koya mini dabarar kwalin nan."

Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu. "Sannu, Malam, sannu. Nasiru ya faɗi labarinka da yawa. Ka ga aikin? Ciyawa ya kusa mutuwa. In bai ga rana ba, shi ke nan." Haka Hausarsa take, komai namiji ne a bakinsa, har Rabi. Ya wuce kicin, ya buɗe kabad ba tambaya, ya ɗauko wani kofi mai ruwan ƙasa. Ashe kofinsa ne. Yana da kofi a gidan ƙanena. Ni da na zo daga Kano aka ba ni na baƙi, mai zanen fure.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a falon ƙanensa yana jin ana kiran wani "Baba" a kowace magana ba. Baba, wane fenti za a yi wa duron? Baba, motar na wani ƙara. Baba, me za a ce wa malamar Ilham? Ni kuwa, "Yaya, ka huta." "Yaya, a ƙaro shayi?" Tsohon dai bai yi mini komai ba. Kullum sai ya gaishe ni, har goro ya kawo mini daga kasuwar unguwar Peckham. Da ma mugu ne da na samu sauƙi.

Ran Asabar suka ɗauke ni zuwa Peckham ɗin. Nan na ɗan ji kamar gida: doya a tsibe a ƙofar shago, manja, busasshen kifi, masu kitso, ana ciniki da ƙarfi. Na ga gyaɗa a ƙulle cikin 'yar leda, na tambayi kuɗinta, Nasiru ya juya mini shi zuwa naira, na ajiye ta a hankali kada ta fashe. Daga nan muka wuce wata babbar kasuwar tsirrai. A can na ga abin da har yau in na faɗa a majalisa ba a yarda. Tsakuwa a cikin buhu, a wanke, ana sayarwa. Ga wata doguwar ciyawa a tukunya, wallahi ba ta da maraba da gamba, irin wadda in ta fito a gidan Alhaji nake tugewa kafin ya gani. Ga wani tsiro mai shuɗin fure da ƙamshin turare, ganyensa fari-fari kamar ya sha ƙura. Nasiru ya ɗaga tukunyar gamban ya juya, ya wuce ni da ido.

"Baba, wannan zai yi?"

Ina tsaye a gefensa. Ni da na san ƙasa da ɗanɗanon harshe. Na sa hannuwana a aljihu na bi su a baya ina tura keken kaya.

Ran Litinin gida ya watse. Nasiru ya tafi asibiti, Rabi ta kai Ilham makaranta ta wuce wurin aikinta. Aka bar ni da talabijin da ba na jin abin da take faɗa. Na fita baya, na ɗaga gefen kwali guda don in gani kawai. Ciyawar ta yi fari fat, ta kwanta kamar marar lafiya. Na tura yatsa a ƙasa. Saiwar tana nan da ranta.

Ban yi dogon tunani ba. An ce an hana tiyo, ban taɓa tiyo ba. A gidanmu ruwan wanka ba ya tafiya a banza, don haka na toshe bahon wanka, na yi wanka, na kwashe ruwan a bokiti na sauko da shi ta benen nan mai ƙara. Na haɗa da ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka. Na janye bulo, na jingine kwalayen a katanga, na bar ta ta sha rana, na yayyafa mata ruwa da hannu yadda ake yi wa sabon dashe. Kafin su dawo na mayar da komai, har ɓawon itacen na baje shi yadda yake.

Haka na riƙa yi kullum. Haƙuri dai shi ne jarina. A hankali fari ya koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ya fara komawa kore. Wata rana na cire takalmi na taka ta. Sanyinta ya ratsa tafin ƙafata har ƙeya. Na zauna, na miƙe ƙafa, daga baya na kwanta rigingine ina kallon jirage na wucewa. Ba wanda ya ce mini tashi.

Da na juya kai sai na ga hular sanyi a saman katanga. Baba Fuseni yana kallona, ga kwalaye a jingine, ga bokiti. Muka haɗa ido. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, rana ya yi daɗi yau," ya koma ciki. Na jira ya kai ƙarata da yamma. Ya shigo, ya sha shayi a kofinsa, ya yi hirar ƙwallo, ya tafi. Washegari ma haka. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo, don yanzu har sirrina yana hannunsa.

Ranar da ma'aikaciyar kamfanin ruwa ta zo dubawa, Nasiru ya ɗauki hutu. Baturiya ce doguwa, da takalmin roba da fara'a. Ta yaba duron, ta yaba tukwanen tsirran da ke jere suna jiran dashe. Sannan ta tsuguna ta ɗaga kwali. Ta ɗaga na biyu. Ta yi dariya ta faɗi wata magana. Ciyawa ce kore, a miƙe, ta fi ta filin wasan unguwar lafiya. Rabi ta fassara mini a hankali: wai ba ta taɓa ganin ciyawar da kwali ya yi wa magani ba. Amma ba za ta iya sa hannu ba. Shirin ya kusa rufewa, za ta dawo sau ɗaya tak, in ta tarar da ita a haka, Nasiru ya fita daga ciki, ga shi ya riga ya sayi kaya.

Bayan ta tafi Nasiru ya tsaya riƙe da ƙugu. Bai kalle ni ba. Ya juya wajen tsohon.

"Baba, ka ce za ta mutu."

Baba Fuseni ya sosa ƙeya ya ce, "Laifina ne, ɗana. Wataƙila kwalin bai yi kauri ba. Na tsufa, lissafi ya ɓace."

Jama'a, a nan haƙurina ya ƙare. Ya karɓe shawara, ya karɓe kofi, yanzu har laifina ma zai karɓe? Ciyawar da na yi ta hawa da sauka da bokiti a kanta, a ce wai sirantar kwali ce ta tashe ta?

Na ce, "Ba kwali ba ne. Ni ne. Ni na ba ta ruwa, kuma ba ta tashi da kanta ba, hannu ne ya tashe ta."

Rabi ta ja Ilham suka shige ciki. Baba Fuseni ya ratsa ta katakonsa. Aka bar mu biyu a kan kwalaye.

Ƙane ba ya yi wa wa faɗa, ko a Landan. Na ga maganar ta zo masa wuya ya haɗiye. Can ya ce, "Yaya, me ya sa?"

Na ce, "Ka turo mini hoto. Na nuna wa duk Kurna. Na ce ga tamu. Na baro Kano don in taka ta, na tarar ka lulluɓe ta kamar gawa. Kuma da za ka kashe ta ba ka tambaye ni ba. Aikina ke nan tun kana aji uku, amma direban bas ka tambaya."

Ya zauna a kan bulo.

"Hoton nan, yadda mai gidan na da ya bar ta ne. Ni ban iya ba, Yaya. In na dawo daga shift ƙafata ba ta ɗaukata. Ta yi tsawo, maƙwabta na kallo, in ba ta ruwa bill ya hau. Kuma wallahi na ɗauka ka gaji da ciyawa. Duk lokacin da na tuna kana jan tiyo a gidan mutane ni ina nan, sai in ji nauyi. Na so in gama aikin kafin ka zo, ka zauna a wurin da ba abin da zai ce ka ba shi ruwa. Yaya zan kira ka daga Landan in ce koya mini aikin gadina? Da wane baki?"

Na ce, "Da bakin da kake kiran Baba."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. "Shi ban ci karatunsa ba."

Ban taɓa sanin ya san da wannan ba. Na ɗauka ni kaɗai nake ɗauke da shi. Na zauna kusa da shi, wani jirgi ya wuce ta samanmu. Zafin da ke ƙirjina bai tafi duka ba, amma ya matsa gefe ya ba ni wurin numfashi.

Na ce, "Kwali ba zai kashe ta kafin matar nan ta dawo ba. Na ƙarfafa ta da yawa. Nemo mini shebur mai kaifi."

Da hannuna na cire ta. Na yanka ta layi-layi, na zura shebur ƙarƙashin saiwa, na naɗe ta kamar tabarma. Ban bar kowa ya taya ni yankan ba. Baba Fuseni ya kawo baro yana kwashewa, Nasiru in ya dawo aiki yana zuba tsakuwa. Muna cikin aiki tsohon ya tsaya yana haki, ya ce, "Malam, kada ka ji haushina. Ni ma ina da ƙane a Kumasi, ya rasu ban gan shi ba. Wannan aron shi na yi." Na ce aro ba laifi ba ne, in dai an san mai abu. Ya yi dariya har ya yi tari. Na dasa musu gamban da mai shuɗin furen, ina dasawa ina tsaki.

Amma a kusurwar gabas, kusa da duron, na bar wani yanki daidai girman sallaya. Nasiru ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Da matar ta dawo ta zagaya ko'ina, ta tsaya a kan yankin. Nasiru ya yi mata bayani da Turanci, na ji yana cewa "my brother". Ta dube ni, ta dubi ciyawar, ta ce in dai daga duro za a riƙa ba ta ruwa, wannan ɗan bai ɓata komai ba. Ta sa hannu. A kan yankin nan na yi sallar La'asar ranar, ba shimfiɗa.

Na so in taho da ɗan guntunta a leda, Nasiru ya tuna mini da kilishi. Rabi ta cika mini jaka da tsaraba. A filin jirgi ya sake durƙusawa, wannan karon ban yi saurin ɗago shi ba.

Da na koma bakin aiki na ba Alhaji labarin shirin. Na ce a can har biyan mutum ake yi ya cire ciyawa ya zuba tsakuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Haladu, in na cire tawa, kai kuma aikin me zan riƙa biyan ka?" Na ce Allah ya ƙara wa ciyawa lafiya, na je na kunna inji.

Har yau ina jin ƙyashin tafkin nan da ba mai ɗiba, ba zan ɓoye ba. In na ga matata tana karkata jarka don ɗigon ƙarshe, sai famfon Nasiru mai zafi da sanyi ya faɗo mini a rai. Sai dai yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayata na ƙara. Nasiru ne, ya juya kyamara ya nuna mini sallayar ciyawa. Na san wayar da ke hannunsa ta fi ni sanin komai, da ya tambaye ta da ta gaya masa. Amma ni yake kira.

Juma'ar da ta wuce ina tsaye a layin burtsatse ya kira. Ya ce, "Yaya, dubi gefen nan, ya fara ja. Me zan yi?"

Na kawo wayar kusa da ido na duba da kyau. Na ce, "Ka tambayi Fuseni?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "To, kada ka tambaye shi. Saurara."